Abin da Ɗaliban Aji Huɗu zuwa Shida Suke Koya a Makarantun Katolika

Karatun firamare a Najeriya shekara shida ne, kuma manhajar ƙasa ta raba shi gida biyu: aji ɗaya zuwa uku, sai aji huɗu zuwa shida. Rukuni na biyu shi ne manyan azuzuwan firamare, kuma yaran da ke cikinsa galibi 'yan shekara 9 zuwa 11 ne. A ƙananan azuzuwa yaro yana koyon karatu da rubutu da ƙirga ne. Daga aji huɗu kuwa ana sa ran ya riƙa amfani da su wajen neman wani ilimin: ya karanta shafi ya faɗi abin da ya fahimta, ya warware lissafin da aka ba shi cikin labari, ya rubuta bayanin abin da ya gani da idonsa. Makarantun Katolika suna koyar da darussan da gwamnati ta tsara wa kowace makaranta, sai dai suna ɗaure su da tarbiyyar addini da ta hali, wadda take ratsa dukan ayyukan yini tun daga taron safe har zuwa tashi.

Asalin makarantun

Cocin Katolika na cikin manyan masu makarantu a duniya, domin yara fiye da miliyan 60 ne suke karatu a makarantunsa na reno da firamare da sakandare. A arewacin Najeriya, limaman ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, sun zauna a Lakwaja a 1884, sannan suka buɗe mishan a Shendam a 1907. Duk inda suka kafa majami'a sukan kafa makaranta a gefenta. Matan zuhudu, waɗanda aka fi sani da sista, su ne suka ɗauki nauyin karatun 'ya'ya mata. 'Yan ƙungiyar St. Louis sun iso Kano a 1948. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan da yawa suka sauya musu suna, kamar St. John's ta Kaduna da ta koma Kwalejin Rimi, da Queen of Apostles ta Kakuri da ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Daga baya wasu jihohi sun mayar wa coci makarantunsa, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011. A arewa, yawancin firamaren Katolika na yau masu zaman kansu ne, suna ƙarƙashin bishop na yankin ko wata ƙungiyar sista, kuma iyaye ne suke biyan kuɗin makaranta.

Manhajar da ake bi

Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ce take tsara manhajar makarantun firamare da sakandare. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, hukumar ta fitar da manhajar shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. An yi wa manhajar gyara fiye da sau ɗaya, ana haɗe wasu darussa ana raba wasu, amma ginshiƙanta su ne: Turanci, lissafi, harshen gida, kimiyya da fasaha, motsa jiki da kiwon lafiya, ilimin zamantakewa da na zama ɗan ƙasa, tarihi, addini, noma da tattalin gida, al'adu da zane-zane, sai Faransanci da ake farawa daga aji huɗu.

Dokokin coci da aka sabunta a 1983 sun wajabta wa masu kula da makarantun Katolika su tabbatar karatun da ake bayarwa bai gaza na sauran makarantun yankin inganci ba. Saboda haka makarantar Katolika ba ta da hujjar raunana lissafi ko kimiyya da sunan tana ba addini muhimmanci. Dokokin sun kuma ba bishop ikon sa ido a kan makarantun da ke yankinsa, musamman a kan abin da ake koyarwa na addini da kuma halin malaman da suke koyar da shi.

Harsuna

Turanci ne yake cin lokaci mafi yawa a jadawali, domin da shi ake koyar da sauran darussa a waɗannan azuzuwa. Ɗalibin aji huɗu yana yin auna fahimta da gajerun labarai, da shifta, da nahawu: suna, aikatau, sifa, lokutan aikatau, tilo da jam'i. A aji biyar yana koyon haɗa jimloli su zama sakin layi mai ma'ana ɗaya, da rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa ko aboki. A aji shida ana sa ran ya iya rubuta wasiƙar neman izini zuwa ga shugaban makaranta, da insha'i na ba da labari ko na siffantawa, ya kuma tsaya gaban aji ya kare ra'ayinsa a muhawara. Makarantun mishan sun daɗe da yin suna wajen kula da kyan rubutun hannu da karatu a bayyane, kuma har yanzu da yawansu suna ware wa waɗannan lokaci na musamman.

Harshen gida, wanda a mafi yawan garuruwan arewa Hausa ce, yana da nasa darasin. A nan yaro yake koyon ƙa'idojin rubutu, kamar bambanta ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, da sanin inda ake haɗa kalmomi da inda ake raba su. Yana karanta tatsuniya, yana koyon karin magana da kacici-kacici, da gaishe-gaishe, da sunayen dangi da na sana'o'in gargajiya. Wannan darasi yana da nauyi a makarantun Katolika na arewa, domin a yankuna irin su Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, da ƙauyukan Hausawa Kirista na Kano da Katsina, da Hausa ake yin sujada da wa'azi a majami'u masu yawa. Faransanci kuwa ana farawa ne da gaisuwa da ƙirga da sunayen ranaku da na abubuwan aji, kuma amfaninsa a fili yake ga ƙasar da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, masu amfani da shi, suka kewaye.

Lissafi

A waɗannan shekaru uku lissafi yana tashi daga tarawa da ɗebewa zuwa abubuwan da ake buƙata a kasuwa da gona da wurin gini. Yaro yana koyon karanta lambobi har zuwa miliyoyi da sanin matsayin kowace lamba, da ninkawa da rabawa masu tsawo, da lambobin Romawa. Daga nan sai lissafin ɓangarori, wato rabi da sulusi da rubu'i da makamantansu, da lambobi masu ɗigo, da kaso cikin ɗari. A aji biyar da shida ake shiga riba da faɗuwa, da kuɗin ruwa, da rabon abu bisa kaso. Misali, a ce mai kayan miya ya sari kwandon tumatir naira 8,000 ya sayar naira 10,000. Ɗalibi zai gano cewa ribar naira 2,000 ce, sannan ya nuna cewa kashi 25 cikin 100 ce na kuɗin sari.

Akwai kuma awo: tsawo da mita da kilomita, nauyi da giram da kilo, ruwa da lita, da lissafin lokaci da tafiya. Ana koyar da siffofi kamar murabba'i da alwatika da da'ira, da auna kusurwa, da gano kewayen fili da girmansa. A ƙarshe ɗalibi yana koyon tattara bayanai, kamar yawan 'yan ajin da aka haifa a kowane wata, ya jera su a jadawali, ya zana su, ya fitar da matsakaici. Wanda bai haddace jadawalin ninkawa ba tun a aji huɗu yakan sha wahala a dukan waɗannan, shi ya sa malamai suke matsa wa yara a kansa.

Kimiyya, fasaha da lafiya

Kimiyyar wannan mataki tana farawa daga abin da yaro yake gani kullum. Yana koyon bambancin rairayi da laka da ƙasa mai taki, da dalilin da ya sa ruwa yake saurin tsiyayewa a ɗaya yana kwanciya a ɗaya. Yana koyon yadda rana take ɗaga ruwa ya zama gajimare ya dawo ruwan sama, da yadda shuka take tsirowa ta yi fure ta ba da iri, da rawar da ƙudan zuma da iska suke takawa a wannan. A fannin jikin ɗan'adam ana bayanin ƙasusuwa da haƙora, da numfashi, da narkewar abinci, da zagayawar jini. Ana kuma gabatar da zafi da haske da maganaɗisu da wutar lantarki, da ƙananan na'urori masu sauƙaƙa aiki irin su almakashi da baro, da duniyoyi 8 da suke kewaya rana. Zaizayar ƙasa da kwararowar hamada da gurɓatar ruwa da zubar da shara suna cikin manhaja, kuma batutuwa ne da yaron arewa yake gani a unguwarsu.

Darasin kwamfuta yana koya wa yaro sassan na'urar, da buga rubutu da adana shi, da sanin amfanin intanet da haɗarinsa. Darasin motsa jiki da lafiya ya ƙunshi guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallo, da taimakon gaggawa ga wanda ya ji rauni ko ya ƙone, da abinci mai gina jiki, da hanyoyin kauce wa zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa da ƙyanda. A aji biyar da shida ake fara bayanin sauye-sauyen balaga da illar shaye-shaye. Makarantun Katolika sukan gabatar da batun balaga ne tare da koyarwar coci a kan kamun kai da mutunta jiki.

Zamantakewa da tarihi

A nan yaro yake sanin ƙasarsa: jihohi 36 da babban birnin tarayya Abuja, ƙananan hukumomi 774, da rassan gwamnati uku, wato masu zartarwa da masu yin doka da masu shari'a. Yana koyon haƙƙoƙinsa da nauyin da ke kansa, da ma'anar tutar ƙasa wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, da dokokin hanya, da lambobin neman agaji. Ana tattauna iyali da aure da al'adun ƙabilu, da albarkatun ƙasa, da sufuri da sadarwa. Tarihi, wanda aka taɓa cire shi a matsayin darasi mai zaman kansa kafin a dawo da shi, yana gabatar da al'adar Nok, da daular Kanem-Borno, da ƙasashen Hausa, da Oyo da Benin, da jihadin 1804 da ya haifar da daular Sakkwato, da haɗewar kudu da arewa a 1914, da samun 'yancin kai a 1960.

Addini da tarbiyya

A wannan fanni ne makarantar Katolika ta fi bambanta da sauran, kuma koyarwar kashi biyu ce. Na farko shi ne darasin addinin Kirista na manhajar ƙasa, wanda ake yi a kowace makaranta mai ɗalibai Kirista. Ya ƙunshi labaran Tsohon Alkawari, kamar halitta da Ibrahim da Yusufu da Musa da Dawuda, da rayuwar Yesu Almasihu da koyarwarsa da misalansa, da tarihin ikilisiyar farko da tafiye-tafiyen Bulus. Ba a tsayawa ga labari kaɗai. Ana tambayar yaro darasin da ke ciki. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa yana buɗe zancen hassada da yafiya, misalin Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata kuma yana buɗe zancen taimakon wanda ba ƙabilarka ba.

Kashi na biyu shi ne katekizim, wato koyarwar ɗariƙar Katolika kanta, wadda limamin coci (fada) ko sista ko katekis yake bayarwa. Babban littafin katekizim da coci ya fitar a 1992 ya raba koyarwar gida huɗu: abin da aka gaskata, sakramenti bakwai, rayuwar kirki bisa Dokoki Goma, da addu'a. Littattafan yara suna bin wannan tsari cikin sauƙin harshe, sau da yawa ta hanyar tambaya da amsa. Yaro yana koyon cewa Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, kuma yana koyon buɗe sura da aya da kansa. Tun 1910 Fafaroma Pius na Goma ya ba da izinin yara su fara karɓar Jibin Ubangiji daga kimanin shekara bakwai, idan sun yi hankali. A aikace yara da yawa a cikin shekarun firamare suke kammala shirin karɓarsa, tare da koyon furta zunubi gaban fada.

Kalandar coci ma darasi ce. Yara suna bin lokacin shirin Kirsimeti na makonni huɗu, da azumin kwana 40 kafin Ista, da watan Oktoba da aka keɓe wa addu'ar carbi. Ana ba su tarihin tsarkakan Afirka domin su ga abin koyi daga nahiyarsu: Kizito, mafi ƙanƙanta cikin shahidan Yuganda da aka ayyana tsarkaka a 1964, Josephine Bakhita 'yar Darfur da aka sace aka sayar a matsayin baiwa tana yarinya, aka ayyana ta tsarkakakkiya a 2000, da Fada Cyprian Tansi, ɗan Najeriya wanda ya yi aikin malanta kafin ya zama limami, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana mai albarka a 1998. Ƙungiyar yara ta Holy Childhood, wadda aka kafa a Faransa a 1843, tana koya musu tara ɗan abin da suke da shi domin taimakon wasu yaran mabuƙata. Ana fara yini da addu'a, ana rufe shi da addu'a, kuma akan tara makaranta gaba ɗaya domin babbar sujada a wasu ranaku.

Tarbiyyar ba ta tsaya a aji ba. Zuwa a kan lokaci, tsabtar kaya da farce, gaida na gaba, sharar aji bi da bi, mayar da abin tsintuwa, duk ana ɗaukarsu ɓangare na karatu. 'Yan aji shida su ake ba muƙaman shugabancin ɗalibai, su kula da layi da ƙararrawa da ƙananan yara, domin su saba da riƙe amana.

Yaran da ba Katolika ba

Makarantun Katolika suna karɓar yara daga wasu ɗariƙu da kuma Musulmi. A Jamhuriyar Nijar, inda azuzuwan ƙarshe na firamare su ne CM1 da CM2 kuma ake karatu da Faransanci, mafi yawan ɗaliban makarantun mishan 'ya'yan Musulmi ne. A Najeriya, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko shiga ibadar da iyayensa ba su amince da ita ba, sannan ya ba kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininsu a makarantar da take ɗaukar nauyinta. Babban taron coci na Vatican na Biyu, a takardun da ya fitar a 1965, ya bayyana iyaye a matsayin malaman farko na 'ya'yansu, ya kuma yi magana a kan Musulmi da girmamawa. Yadda ake aiwatar da wannan ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka ya dace uba ya tambayi tsarin darasin addini da na addu'o'i tun kafin ya sa ɗansa. Zaman yara masu addini dabam-dabam a benci ɗaya shi kansa tarbiyya ce da yankin yake matuƙar buƙata.

Sana'a, al'adu da haɗuwar darussa

Darasin noma yana gabatar da kayan aiki irin su fartanya da garma da magirbi, da shirya kunya, da takin gargajiya da na zamani, da kiwon kaji da awaki, da adana amfanin gona. Tattalin gida ya ƙunshi ɗinki da allura, da wanki da guga, da girki mai sauƙi, da tsabtar ɗaki. A darasin al'adu ana zane da gini da laka da rini da saƙa, da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ƙungiyar mawaƙan makaranta da wasan haihuwar Yesu da ake yi a ƙarshen zangon farko suna ba yara filin nuna abin da suka koya.

Ƙwararren malami yakan haɗa darussa da yawa a aiki ɗaya, kuma gonar makaranta ta fi kowane wuri dacewa da haka. Yara su auna fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, su gano kewayensa mita 32 ne, girmansa kuma murabba'in mita 60. Su duba irin ƙasar, su shuka wake ko kuɓewa, su riƙa auna tsayin shukar kowane mako suna rubutawa a jadawali. Su rubuta rahoto da Turanci, su kawo sunayen ciyayi da ƙwari da Hausa, su lissafa ribar abin da aka girbe. A darasin addini kuma a danganta aikin da amanar kula da halitta, batun da Fafaroma Francis ya rubuta doguwar wasiƙa a kansa a 2015. Ta haka yaro yake gane cewa darussan da aka raba a jadawali suna aiki tare a rayuwa.

Jarrabawa da matsaloli

Shekarar karatu zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli. Ana haɗa makin gwaje-gwaje da aikin gida da na jarrabawar ƙarshen zango, kuma katin sakamako yakan ƙunshi bayanin halin yaro. 'Yan aji shida suna rubuta jarrabawar shiga sakandare: ta jiha, ko ta hukumar NECO domin kwalejojin gwamnatin tarayya, ko ta makarantun sakandare na coci, har da ƙananan makarantun horar da limamai ga yara maza masu sha'awa. Waɗannan jarrabawa sun ƙunshi gwajin kaifin basira na kalmomi da na lambobi, don haka ake koyar da su a matsayin darussa.

Makarantun ba su kuɓuta daga matsaloli ba. Kuɗin makaranta yana hana talakawa da yawa shiga, ko da yake wasu makarantu suna rangwame ga marayu. Na karkara suna fama da ƙarancin kwamfuta da wutar lantarki da malaman Faransanci, kuma ƙarancin albashi yana sa malamai barin aiki. A wasu wurare ana hana yara magana da harshen gida, alhali manhaja ta tanadi koyar da shi. Matsin jarrabawa yana jawo hadda ba tare da fahimta ba. Akwai kuma ɗabi'ar da ta yaɗu a birane ta cire yaro daga aji biyar, wani lokaci ma huɗu, a tura shi sakandare. Manhajar an gina ta ne hawa-hawa, kuma a aji shida ake kammala manyan batutuwan lissafi da rubutu da kimiyya da aka faro a baya. Yaron da aka tsallakar yakan shiga sakandare da giɓin da zai daɗe yana damunsa.

Ana gane makaranta mai kyau ne daga abin da ɗan aji shida yake iyawa: ya karanta shafi ya yi bayaninsa, ya rubuta wasiƙa mai ma'ana, ya lissafa riba da faɗuwa, ya san jikinsa da ƙasarsa da addininsa, ya kuma girmama wanda ya bambanta da shi. Ya kamata iyaye su riƙa duba littattafan 'ya'yansu, su halarci taron iyaye da malamai, su kuma bar yaro ya kammala shekarunsa shida cif kafin ya wuce gaba.